Yadda Ake Ɗora Sola a Kan Motar Kwana, Mataki-Mataki

Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabi ake ta maimaita min tambaya ɗaya: mutum yana da bas da ya cire wa kujeru ya shimfiɗa katifa, ko ya mayar da ita shago, a cikinta yake kwana idan ya tafi cin kasuwar Illela, Achida ko Tangaza, to yaya zai ɗora mata sola ya rabu da ƙaramin janareta? Masu tambayar akwai masu cajin waya, akwai masu POS, akwai masu ruwan sanyi, akwai kuma masu noman rani da ke kwanaki a fadamun Goronyo da Wurno. A Turai da Amurka ana ƙera motoci musamman masu ɗakin kwana da kicin, mu kuwa namu Hiace ce ko J5 da mai walda ya gyara. Aikin wutar dai duk ɗaya ne.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne mota ba gida ba ce. Solar gida tana zaune wuri guda. Ta mota tana shan iska a guje, tana shan gargada, sannan tana gasuwa cikin akwatin ƙarfe a zafin Sakkwato. Da wuya ka ji farantin solar da kansa ya lalace. Yawanci noti ne ya kwance, ko siririyar waya ta yi zafi ta narke, ko batir ya dahu a inda aka ajiye shi. Don haka zan fi daɗewa a kan waɗannan.

1. Lissafin wutar da kake sha

Ɗauki biro da takarda kafin ka ɗauki kuɗi. Kowane kayan wuta akwai lamba a jikinsa mai harafin W, wato wat, ma'aunin wutar da yake ja. Ka ninka ta da awannin da yake aiki a yini, abin da ya fito shi ne Wh. Ga misalin mai kwana a bas:

Ƙwan fitila 4 na 5W, awa 5: 100Wh
Fanka 2 masu 12V, kowace 20W, awa 8: 320Wh
Cajin wayar hannu 10, kowace kimanin 15Wh: 150Wh
Kwamfutar cinya 60W, awa 3: 180Wh
Ƙaramin firji mai 12V, 45W, awa 14: 630Wh

Na ba firji awa 14 ne saboda a bazarar nan injinsa bai cika hutawa ba. Jimilla 1,380Wh ke nan. Ƙara kashi 30 cikin 100 na wutar da ke salwanta a waya, a caji da kuma zafi, ka samu kusan 1,800Wh. Raba wannan da 5, wato awannin rana mai ƙarfi da za ka iya dogara da su a yankinmu. Ya ba ka 360W, sai ka nemi 400W.

Mai sana'ar caji ya sake lissafin da nasa adadin. Waya 100 kaɗai 1,500Wh ce, ba a sa fitila da fanka ba.

Gargaɗi: cire na'urar sanyaya ɗaki, dutsen guga, hita da rishon lantarki daga lissafin. Na'urar sanyi mafi ƙanƙanta tana jan wajen 800W, a awa shida ta sha kusan 5,000Wh. Saman bas ba zai ɗauki farantan da za su ciyar da ita ba.

2. Zaɓen kaya

Faranti. Sayi mai gilashi da firam ɗin alminiyam. Akwai masu lanƙwasuwa da ake mannawa da gam a jikin rufi, suna da kyan gani da rashin nauyi, amma ban ba ka shawararsu ba a nan. Ba iskar da ke ratsa ƙarƙashinsu, ƙarfen mota ya gasa su ta ƙasa, rana ta gasa su ta sama. Lambar da ke jikin kowane faranti an auna ta ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya hau, ƙarfinsa yana raguwa da kimanin kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. A watan Afrilu gilashin yakan kai digiri 65, ka ga kashi 12 zuwa 16 sun tafi tun kafin ƙura ta ɗauki nata.

Faranti ɗaya na 400W tsawonsa kusan mita 1.7, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa ya ɗan haura kilo 20. Na 550W ya wuce mita 2.2. Biyu na 200W sun fi sauƙin ɗauka da jerawa, kuma idan ɗaya ya fashe kana da ɗaya. Hau saman motar da tef ka auna kafin ka je kasuwa, kada ka auna da ido.

Batir. Kada ka dogara da batirin tada mota. An yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan. Idan kana zuƙe shi kowane dare, watanni kaɗan zai yi, kuma wata safiya za ka wayi gari a ƙauye mota ta ƙi tashi. Dogon batirin ruwa da ake sa wa inbatar gida ma bai dace ba: yana da nauyi, ruwansa yana fallatsa a gargada, kuma lokacin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta a cikin ɗakin da kake barci.

Saura biyu: busasshen batir na AGM ko jel, da litiyam irin LiFePO4. Busasshe rabinsa kawai ake sha idan ana so ya daɗe, don haka mai 200Ah (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) zai ba ka wajen 1,200Wh, nauyinsa kuma kusan kilo 60. Litiyam mai 100Ah yana ɗauke da 1,280Wh, kana iya shan sama da 1,000Wh, nauyinsa bai wuce kilo 12 ko 13 ba. A misalinmu wutar dare tana kai 800Wh, ke nan litiyam 100Ah zai kai ka asuba. Idan da hali ka yi 200Ah saboda ranakun hazo da na hadari. Ni litiyam nake zaɓa wa mota, saboda zafi ya fi cin busasshen batir: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin tsawon rayuwarsa.

Kontirola. Ita ce na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji. Iri biyu ne, PWM da MPPT. A nan mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Babban farantin 400W yana ba da kusan 31V da 13A (V ƙarfin tura wuta ne, A yawan wutar da ke gudana, in ka ninka su sai su ba ka W). Idan ka haɗa shi da PWM a batirin 12V, 13A ɗin kawai zai wuce, wato abin da bai kai 180W ba. Ka biya kuɗin 400, kana cin ƙasa da rabi. MPPT ce ke mayar da rarar ta zama caji. Girmanta kuwa, raba 400W da 12.8V, ya ba ka 31A, sai ka sayi mai 40A. Duba kuma lambar Voc a bayan faranti, wato V ɗin da yake bayarwa in ba a jona masa komai ba, ka tabbata ba ta kai iyakar da aka rubuta a jikin kontirola ba, ka bar rata mai kyau domin sanyin safiyar hunturu yana ɗaga ta.

Hattara: akwai ƙananan kontirola marasa nauyi da aka buga wa MPPT a fuska alhali PWM ce a ciki. Ta gaske tana da nauyi, da faffaɗan ƙarfen sanyaya a baya, kuma tana karɓar 75V ko 100V ko fiye daga faranti.

Inbata. Ita ce ke mayar da wutar batir irin ta gida. Duk abin da ke da nau'in 12V, fanka, fitila, firji, cajar waya, ka sayi nau'in 12V ɗin. Inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan 10W zuwa 20W, a yini guda 240Wh zuwa 480Wh ke nan a banza. Idan dole ne, ƙarama mai 500W zuwa 1,000W ta isa, kuma ta kasance mai tsabtatacciyar wuta irin wadda ba ta sa fanka gurnani.

3. Kuɗi da shiga kasuwa

Farashin kayan sola dala yake bi, don haka hanyar awo ta fi maka amfani. Faranti: raba kuɗinsa da wat ɗinsa, ka kwatanta shago uku a kan kuɗin wat ɗaya. Batir: raba kuɗinsa da wutar da za ka iya sha, ba wadda aka rubuta ba. Ka kuma tuna litiyam mai kyau yana jure caji dubbai, busasshe kuwa ɗaruruwa.

Batir shi ne zai lashe kusan rabin kuɗinka. Faranti ya yi sauƙi yanzu. Inda kasafi ke ɓaci shi ne ƙananan kaya: waya, fis, bireka, noti, gam, kuɗin mai walda da na rewaya. Ware musu kashi ɗaya cikin biyar tun farko. Wanda ya ƙarar da kuɗi a faranti da batir shi ne ke komawa ya sayi wayar fitila ya ɗaure, kuma araha ba ta ado.

Gwada faranti a ƙofar shago da tsakar rana. Mita ta nuna lambar da ta yi kusa da Voc ɗin da ke takardar baya. Idan na hannu ne, duba gilashin ko akwai tsagewa, ko tabon ƙuna, ko farar ledar baya ta kumbura. Kwatanta girmansa da wat ɗin da aka rubuta, domin ana sauya takarda. Batir kuwa ɗaga shi. Busasshen 200Ah da ka ɗauka da hannu ɗaya ba 200Ah ba ne. Waya ma ka sa a yanka maka bakinta ka kankare silin da wuƙa: idan ja ne har ciki tagulla ce, idan fari ya bayyana alminiyam ne aka shafa wa ja. Karɓi rasit da lambar kaya a rubuce.

4. Kayan aiki

Injin huji da bakunansa, sifana, filaya, sukundireba, mita, abin matse kan waya, tef na awo, tsani. Sai bol da noti na 8mm marasa tsatsa, noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa, wosha, guntayen roba, gam ɗin bodin mota irin Sikaflex, fenti mai hana tsatsa, bututun roba na rufe waya, da igiyoyin roba na ɗaure ta. Waya: 6mm ta sola daga faranti zuwa kontirola, 10mm daga kontirola zuwa batir, 35mm zuwa inbatar 1,000W. Fis 50A, fis 125A, ƙaramin akwatin fis na kayan 12V, da bireka ta DC, wato ta wutar batir da faranti.

5. Kariya da ɗaure faranti

Wannan shi ne matakin da rai ya rataya a kansa. Farantin da ya kwance a guje faifai ne iska ta ɗauka, sai dai na gilashi mai kilo 20, kuma mai babur ne a bayanka.

Idan motar tana da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman mota, mai ƙafafu a bakin magudanar rufi, ka huta da huda rufi da yawa. Duba ƙafafun ko sun tsage ko tsatsa ta ci su. Sa mai walda ya gitta ƙarafa biyu ko uku daidai da ramukan da kamfani ya riga ya huda a firam ɗin faranti. Idan babu kariya, a ƙera mai sauƙi da ƙarfen kwana, a ɗaure ta a bakin magudanar ko a kan haƙarƙarin rufi inda ƙarfe ya ninku. Falon rufin siriri ne, noti yana yage shi a hankali.

Gargaɗi: a cire kan batirin mota kafin a fara walda, kuma faranti ya kasance nesa. Tartsatsin walda yana cin gilashi. A gama, a goge, a yi fenti, ya bushe, sannan a hau da faranti.

Bar tazarar yatsu uku zuwa tafin hannu, wato santimita 5 zuwa 10, tsakanin faranti da rufi. Ta nan iska ke wucewa ta sanyaya shi, kuma za ka ji ɗakin ma ya rage zafi domin farantin ya zama rumfa. Kwantar da shi a miƙe, tsawonsa ya bi tsawon mota, kada ko ɗan yatsa ya leƙo gefe. Matsar da shi baya kaɗan daga goshin mota, a sa ɗan ƙarfe mai gangara a gabansa domin iska ta hau sama maimakon ta shiga ƙasa ta ɗaga shi.

Kwantar da faranti a shimfiɗe bai cutar da mu sosai ba. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana kusan a tsakar ka take wucewa yawancin shekara. A Disamba da Janairu ne take karkata kudu, lokacin kuma ga hazo, sai ka ga caji ya ragu. Masu sa ƙafar ɗagawa su sani duk abin da ke motsi gargada za ta sassauta shi, kuma ranar da aka manta aka tashi da shi a ɗage, an yi asara.

Kowane faranti a ɗaure shi aƙalla wuri huɗu, babba wuri shida. Sa guntun roba tsakanin alminiyam da ƙarfe, yana shanye girgiza yana kuma hana su cin juna. Wosha sama, wosha ƙasa, noti mai roba. Kada a ɗaure da sukurun kwano, kada a ɗaure da waya ko igiya. Idan sai an yi sabon rami a firam, a tura guntun katako ta ciki, domin bakin injin yana zarcewa ya huda bayan farantin. Da an gama, kama kusurwa ka girgiza da ƙarfinka: motar ce ya kamata ta motsa. Saboda masu ɗauke-ɗauke a tasha, ana iya ɗiga walda a kan noti biyu bayan an lulluɓe farantin da jiƙaƙƙen buhu.

Hattara: kariyar da faranti ke kai ta daina ɗaukar kaya. Buhu ɗaya ko taya da ya jefa inuwa a kan kusurwa yana iya zubar da kaso mai yawa na wutar.

6. Shigar da waya cikin mota

Rami ɗaya ya isa. Zaɓi wurin da ke saman inda kontirola za ta zauna domin waya ta gajarta. Sauke silin ɗin ciki ka leƙa, kada ka huda wayar fitilar mota ko haƙarƙari. Huda, goge bakin ramin, share garin ƙarfen nan take domin shi ke fara tsatsa, shafa fenti, sa zoben roba. Ɗora ɗan akwatin shigar waya a kai, bakinsa yana kallon bayan mota, ka zagaye shi da gam. Silikon na banɗaki ba ya jure rana da girgiza, damina ɗaya zai ɓare, sai ruwa a kan katifa.

Kada ka bi da waya ta ƙofa ko taga. Buɗewa da rufewa suna cinye rigarta. A sama kuma ɗaure ta a jikin kariya duk bayan taƙi ɗaya, kada ta riƙa kaɗawa tana gogar ƙarfe.

Idan farantan biyu ne, akwai haɗi iri biyu. A siris, jan ɗaya yana shiga baƙin ɗaya, V ya ninku, waya ba ta wahala, amma inuwa a kan ɗaya tana jawo ɗayan ƙasa. A faralel, ja da ja, baƙi da baƙi, A ne ke ninkuwa, kowanne yana cin gashin kansa. Ga motar da ke tsayawa kusa da rumfuna da itatuwa na fi son faralel. Idan sun kai uku a faralel, kowanne a sa masa fis.

7. Mazaunin batir da kontirola

Batir a ƙasa, a daɓen mota, tsakanin tayoyin gaba da na baya, cikin akwatin katako ko ƙarfe da aka ɗaure da bol, da ɗamara a kansa. Ka ɗauka za a taka birki na gaggawa, ka tambayi kanka ina zai nufa. A yawancin Hiace inji yana ƙarƙashin kujerun gaba, don haka a nisanta shi daga nan, haka ma daga saman salansa da jikin bangon da rana ke duka. Akwatin ya sami ramukan shan iska. Litiyam yana da na'urar kariya a ciki da ke yanke caji idan zafi ya yi yawa. In ka ga caji yana ɗaukewa da azahar, fara duba zafin akwatin.

Kontirola a tsaye a jikin katako, da sarari sama da ƙasa, kusa da batir, abin da bai wuce mita ɗaya ba.

Gargaɗi: tukunyar gas da jarkar fetur ba sa zama wuri ɗaya da batir, fis ko inbata. Ƙyas ɗaya ya isa.

8. Haɗa wayoyi, bi da bi

Cire agogo da zobe. Naɗe hannun sifana da tef, domin idan ta taɓa kawunan batir biyu lokaci guda narkewa take yi. Lulluɓe faranti da kwali ko bargo. Kowane bakin waya a matse masa kan tagulla da abin matsewa, ba a murɗa shi a naɗe a jikin noti ba.

Na farko, sa fis 50A a jan wayar da za ta tafi kontirola, dab da kan batir, kada nisan ya wuce santimita 18. Fis waya yake karewa. Duk tsawon da ke tsakanin batir da fis a buɗe yake, idan ya goge ya taɓa bodi gobara ce.

Na biyu, haɗa batir da kontirola, ja a +, baƙi a −. Fuskarta za ta kawo haske ta gane 12V ne.

Na uku, shiga saitinta ka zaɓi nau'in batir. Litiyam yana cika a 14.2V zuwa 14.6V gwargwadon abin da takardarsa ta ce, kuma a kashe masa saitin cajin daidaitawa da ake yi wa batirin ruwa. AGM wajen 14.4V, sannan ya sauka 13.6V zuwa 13.8V.

Na huɗu, buɗe faranti kaɗan ka auna wayoyinsa da mita. Idan lamba ta fito da alamar ragi a gaba, ka juya su. Kada ka yarda da launin waya kawai. Mayar da murfin, shigar da wayoyin ta bireka zuwa kontirola, sannan ka yaye bargon ka ɗaga bireka.

Gargaɗi: batir ne farko, faranti daga baya. Wajen kwancewa kuma faranti ne farko. Wanda ya juya wannan tsari yana iya ƙona kontirola tun ba ta yi aikin yini ba. Kada kuma a zare mahaɗin faranti ana tsakiyar caji, a sauke bireka tukuna.

Na biyar, ja waya daga batir ta fis zuwa akwatin ƙananan fis, daga nan kowane layi ya tafi da nasa: fitilu, fanka, firji, soket ɗin caji. Rubuta sunan kowanne a jiki.

Na shida, inbata kai tsaye daga batir, da wayar 35mm gajera da fis 125A. Inbatar 1,000W tana jan kusan 90A zuwa 100A a 12V, shi ya sa wayar take da kaurin yatsa. Kada a jona ta a bakin kontirola mai hoton ƙwan fitila, na ƙananan kaya ne. A bakin fitarta a sa bireka mai yanke wuta idan ta ja mutum, domin ɗakin nan duk ƙarfe ne. Kuma kada wutar NEPA ko ta janareta ta haɗu da layin inbata.

Na bakwai, haɗa baƙin batir da bodin mota a wuri ɗaya da aka kankare fenti. Duba takardar kontirola tukuna, akwai wasu ƙananan PWM da ba a yi musu haka.

9. Caji daga injin mota

Wannan ba dole ba ne, amma mai doguwar tafiya zai ji daɗinsa a damina. Ga AGM, rewaya zai sa na'urar da ke haɗa baturan biyu idan inji yana aiki, ta raba su idan an kashe. Ga litiyam sai caja ta musamman da ake kira DC-DC, mai 20A ko 30A. Idan aka haɗa litiyam kai tsaye yana zuƙar wuta fiye da ƙarfin altaneta, musamman a sulo, har ta ƙone. Duk wanda ya ce maka waya ɗaya da makunni sun wadatar, ka nemi wani.

10. Gwaji

Yi gwajin a gida, kwana biyu, kafin ka shiga hanya. Da hantsi ka ga A yana hawa. Da tsakar rana, in batir bai cika ba, farantin 400W mai tsabta ya ba ka tsakanin 280W da 330W. Kunna komai na rabin awa, ka bi mahaɗan ɓangaren 12V kana taɓawa da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba komai, wanda ya yi zafi bai matsu ba ko wayar ta yi siriri. Da asuba duba batir kafin rana ta fito. AGM cikakke yana nuna 12.7V ko 12.8V, idan ya sauka 12.1V ya kai rabi, kada ka wuce nan. Litiyam lambarsa ba ta cika motsi ba har sai ya kusa ƙarewa, don haka ƙaramar mita mai ƙirga abin da ya shiga da wanda ya fita ta fi faɗa maka gaskiya.

Bayan tafiyar farko hau da sifana ka bi kowane noti, ka sake bayan mako guda, daga nan duk wata. Kawunan batir da sukurorin kontirola ma suna sassautawa. Auna sabon tsayin motar ka rubuta a gaban direba saboda rassan itace, rumfunan kasuwa da wayoyin da suka sauko. Rataye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa.

11. Rana, inuwa da ƙura

Ga abin da ba a faɗa wa mutane a shago: faranti rana yake so, kai kuma da batir inuwa kuke so. Duk ɗan Sakkwato da ya isa wuri gindin dogon yaro yake nema, kuma a nan caji ke tsayawa. Hanya ta farko ita ce raba yini. Bar motar a fili tun safe, tagogi a buɗe, gilashin gaba a rufe da kwali, zuwa azahar yawanci batir ya kusa cika, sai ka koma inuwa. Ta biyu, ka riƙe ƙarin faranti na 100W ko 200W da ba a ɗaure ba, da waya mai kauri ta mita 10 da ƙaramar kontirolarsa, mota tana inuwa shi yana rana, da la'asar ka shigar da shi. Masu kwana a gona sun fi morar wannan. Ayyuka masu jan wuta, cajin wayoyi da sanyaya ruwa, a yi su da rana lokacin da wutar ke sauka kai tsaye, dare ya rage na fitila da fanka.

Faranti a shimfiɗe ba ya zubar da ƙura da kansa. A hunturu kullum ne, ko bayan kwana biyu, kuma duk ranar da ka bi hanyar burji. Wanke da sassafe ko bayan magariba, kada ka watsa ruwan sanyi a gilashin da ya gasu. Fara zuba ruwa ya kwashe yashin, sannan tsumma mai laushi, domin gogar busasshiyar ƙura tana karce gilashi. Ba a sa garin sabulu, ba a taka faranti, ba a durƙusa a kansa. Kashin tsuntsu a cire shi da wuri, yana sa wurin ya yi zafi har ya ƙone. Kafin ruwan farko na damina duba gam ɗin ramin rufi, in ya tsage a kankare a sake sabo. Idan motar za ta yi makonni a ajiye, sauke birekar faranti, cire fis ɗin kaya, bar litiyam a wajen rabin caji, AGM kuwa a cike, a riƙa ƙara masa duk wata.